Iskar da Kawu Yake Nufi

Allah ne ya ba mu shi, kuma ya karɓi abinsa a ranar da ya so. Kawu, ƙanin mahaifiyata, ya rasu a asibiti a nan Doha da hantsin wata Laraba, bayan ciwon ƙirji da bai daɗe ba. Na zauna rubuta wannan ne don waɗanda suka zauna da shi a Sanaiya, unguwar garejoji da ma'aikata, da waɗanda suka ji labarinsa rabi da rabi.

Inna na fara kira a Zariya. Ta yi salati. Ba ta tambayi ciwon ba.

"Wa zai yi masa wanka?"

Na ce mutanenmu suna nan.

"Mutanenmu fa, ba baƙi ba," in ji ta. "Ya gaji da baƙi."

Balaraben da ke kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, mai garejin da Kawu ya tsufa yana tsaron ɗakin kayan gyaransa, ya yi masa addu'a ya ce batun takardu ya ɗauke mini. Makanikan garejin suka ajiye sifana. Wani ɗan Nefal a cikinsu, wanda ba Musulmi ba ne, ya zo yana share ido da hannun riga, yana tambayata inda aka yarda irinsa ya tsaya idan za a binne. Sai da na shiga ɗakin kwanan su Kawu, wurin masu jin Hausa, na ga wani abu dabam. Sun yi mini gaisuwa, amma kowa idonsa na kan wayarsa. Ɗaya ya ce, "Allah ya sa ya huta." Na kusa da shi ya ƙara, "Allah dai ya san tsakaninsa da bawansa." Na san abin da wannan maganar take ɗauke da shi.

Kafin azahar saƙo ya iso daga Baban Zango cewa kansa na ciwo, ba zai samu fitowa ba. Baban Zango dattijo ne mutumin Kumasi, shi ke wanke mamatanmu, shi ke tara mu salla a kansu. In ya fito, na Gana da na Najeriya duk sun fito. In ya zauna, an zauna. A Doha gawa ba ta rasa wanka, hukuma na da ma'aikatanta, kuma ba a rasa masu salla a maƙabarta. Amma na san kafin mu karkaɗe ƙasar kabari daga hannunmu, labari ya isa Zariya cewa Hausawan Doha sun ƙi Kawu, saboda an ce da iskoki yake hulɗa. Inna za ta ji wannan a bakin masu zuwa mata gaisuwa. An sa binnewa Alhamis bayan la'asar.

Bari in faɗi yadda Kawu yake, don a gane inda maganar ta fito.

Dogo ne siriri, mai magana a hankali, mai tsabtar farce duk da baƙin man gareji. A ɗakinsu gadajen masu hawa biyu ne, kuma shi, da furfurarsa da ciwon gwiwarsa, a na sama yake kwana. Samari sun sha ba shi na ƙasa don girmamawa. Sai ya ce, "Na gode, ƙasa ta masu ƙarfin hali ce." Ba ya shan lemon kwalba. In an buɗe a kusa da shi yakan dubi kumfar da ke tasowa ya ce, "Wannan na san ta." Ba ya kashe ƙuda. In ƙuda ya sauka a gefen kwanonsa, korarsa yake da bayan hannu kamar mai lallashin jika, ya ce, "Bar shi, shaida ne."

A watannin zafi, lokacin da ake hana aiki da tsakar rana, ma'aikata kan baje a inuwar gareji su yi barci. Kawu ba ya barci. Zagayawa yake yana duban ƙirjin kowa, in bai ga yana motsi sosai ba ya sunkuya ya kai bayan hannunsa kusa da hancin mutum. In ya tarar da wani ya kulle kansa a mota, inji na aiki, ƙofar gareji a rufe, yakan bubbuga gilashin har sai ya fito, ko da zagi zai sha. Ɗan Nefal ɗin nan ta haka suka saba. Shi ya ɗauki abin kulawa. Wasu daga cikin namu kuwa suka ce tsohon nan ƙirga rayuka yake yi.

Da Baban Zango kuwa kwano ɗaya suke ci. Ranar Juma'a Baba kan dafa wake da shinkafa irin na Kumasi, Kawu ya kawo yaji daga wurin Inna, su zauna suna tsokanar juna.

"Hausarku ta Zango ba mace ba namiji," in ji Kawu. "Matarka ma 'ya zo' kake ce mata."

"Ku kuka raba su, shi ya sa ba ku zaman lafiya," in ji Baba. "Ci abinci, ɗan'uwa, bakinka ya huta."

Abin da ya raba su masallaci ne. A ginin da su Kawu suka koma, ɗakin salla yana ƙarƙashin ƙasa, gefen inda ake ajiye motoci. Kawu bai taɓa sauka ba. Ko dai ya taka cikin rana zuwa masallacin bakin titi, ko ya shimfiɗa darduma a saman matakala ya bi muryar liman daga nan. Wata rana bayan la'asar, mutane na fitowa, Baba ya tsaya a kansa.

"Ɗan'uwa, ka riƙa saukowa mana. Wata rana ai ƙasan za ka shiga."

"Ranar ba na numfashi."

"Mi kake tsoro a ɗakin Allah?"

"Iska."

"Wace iska?"

"Wadda ke zama a ƙasa-ƙasa. Ba a ganinta. Tana iya shekaru tana jira, in ta tashi ta kwantar da mutum a inda ta same shi."

Masu sa takalmi suka dakata. Baba ya nemi tsari daga Shaiɗan.

"A ƙofar masallaci kake faɗin wannan?"

"Na ga aikinta da idona."

"To je ka yanka mata baƙin akuya, ta bar ka ka yi salla da mutane."

Kawu ya naɗe dardumarsa, ya ɗauki takalminsa a hannu, ya fita ba takalmi a kan kwalta mai zafi. Daga ranar ba su sake haɗa kwano ba.

Ni da na yi karatun allo, na kuma koyi rubuta Hausa da ajami, na san kalmar iska alif ce da sin da kaf, ko wacce kake nufi, wadda ke kaɗa tufafi a igiya ko wadda 'yan bori ke yi wa kiɗa. Babu wasalin da zai raba su. Na roƙi Kawu ya riƙa cewa gas, kowa ya huta. Ya ce gas na girki ne, a tukunyar ƙarfe yake, kuma shi ba zai canza wa abin da ya sani suna don masu gulma ba. Yana da taurin kai, Allah ya gafarta masa. Ya san yadda ake fahimtarsa, ya ƙi buɗe baki.

Sau ɗaya ya ba ni labarin, wata safiya a kasuwar kayan lambu ta Abu Hamour, muna zaune a inuwar wata mota muna jiran a sauke albasa. Na san tun ina yaro cewa ya taɓa aure a Kamaru kuma matar ta rasu, amma a gidanmu ba a wuce nan.

Ya ce yana saurayi ya bi fataken shanu ta Takum har cikin duwatsun Kamaru, ya zauna a wani ƙauye a cikin kwari, ya yi aure, aka haifa masa 'ya. A saman ƙauyen akwai tafki mai kyau, shuɗi, kewaye da dutse. Ranar da abin ya faru shi ke gadin wata babbar mota da aka loda wa buhunan masara a tudun kasuwa, sai ya kwanta a can saman lodin. Ya ji wata ƙara daga wajen tafkin kamar tsawa mai nisa, sai barci mai nauyi ya danne shi.

"Da na farka rana ta yi sama," in ji shi. "Kaina kamar an ɗora dutse, ƙirjina na zafi. Abin da na fara ji shi ne ban ji komai ba. Ba zakara, ba kare. Na sauko na bi hanya, shanu kwance kamar an ce su huta. Ɗana, shanu matattu cikin rana, ko ƙuda ɗaya babu a kansu. Ƙudajen ma sun mutu."

Ya tarar da matarsa a bakin ƙofa da goyonta a baya, hannunta ɗaya a kan dokin ƙofa. Ba rauni, ba jini. Tafkin kuwa ya koma ja.

Ya ce da farko shi ma ya yarda da abin da kowa ke faɗi, cewa mutanen ruwa ne suka yi fushi. Daga baya masana suka zo da kwalabe da igiyoyi, wani tafinta ya yi musu bayani a sansanin da aka tara waɗanda suka tsira. Tafkin a bakin tsohon dutse mai aman wuta yake zaune. Wutar ta kwanta, amma cikin dutsen bai daina fitar da iska ba, irin wadda muke fitarwa in mun numfasa, irin ta cikin lemon kwalba. Ruwan ƙasan tafkin ya yi ta shanye ta yana riƙewa, har ranar da wani abu ya girgiza shi, ta taso gaba ɗaya. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka ba ta yi sama ba, ta gangaro kwari kamar ambaliya. Tudun kasuwa da tsayin lodin masara ne suka sa Kawu ya sami gefenta kawai.

Tun daga nan bai bar bibiyar duwatsun nan ba. In aka ce wani ya yi aman wuta a wata ƙasa, zai miƙo mini wayarsa in karanta masa. Ya san suna fitar da tururin ruwa, da iskar farar wuta mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda in ta hau can sama takan tsaya ta rage wa duniya zafin rana na wani lokaci, da kuma wannan mai nauyin, wadda itatuwa da ciyawa ke sha. Yana cewa tun farkon duniya duwatsu ke numfashi cikin sararin nan, da izinin wanda ya kafa su.

"Ba muguwa ba ce," ya ce mini a ranar. "Da ta fita kaɗan-kaɗan kamar yadda take fita a sauran duwatsu, da ta bi sama ta gauraya, ciyawa ta sha, ba wanda zai sani. Taruwa ta yi. Na ji an ce yanzu sun sa wa tafkin bututu tana fita a hankali."

Na ce ya bar ni in gaya wa Baban Zango.

"Matata ba hirar shayi ba ce. Muddin ina numfashi, kada ka kai ta majalisa."

Ranar Alhamis da safe na tafi ɗakin Baba a bayan Asian Town. Ban tafi ni kaɗai ba. Ma'aikaciyar jinyar da ta kula da Kawu, Kirista ce 'yar Filato, muna ce mata Sista, ta tashi daga aiki ta ce za ta bi ni ta yi wa manyansa gaisuwa, don haka ake yi a garinsu. Muka tarar da Baba zaune a kan tabarma da carbi, mutum huɗu ko biyar kewaye da shi. Ba alamar ciwon kai.

Na durƙusa na gaishe shi, na ba shi labarin tafkin daga farko har ƙarshe. Na ɗauka an gama.

"Ruwa ya yi numfashi ya kashe gari," in ji Baba a hankali. "Yaro, ka ji abin da bakinka ke faɗi? Ai wannan shi ne labarin 'yan bori, ka dai sa masa wando."

"Baba, abu ne sananne. Masana sun auna."

"Masana. Ni na ce maka na ga masana?"

Wani daga gefe ya ce ko a kira malami a Kumasi a tambaya. Wani ya ce lokaci na tafiya. Sista ta gyara mayafinta ta ce, "Baba, a ba ni izini."

Ya ɗaga mata hannu.

"Ni ban san tafki ba. Na san daren Talata da safiyar Laraba. Tsohon nan ya wahalar da ni. In na sa masa abin numfashi a fuska, sai ya cire ya yi kalmar shahadarku, in mayar, ya sake cirewa. Har na haddace ta. Da numfashin ya yi wuya sai ya kama hannuna ya ce, 'yata, ƙara mini iska."

Baba ya ɗago da sauri. "Kin ji ko. A bakin mutuwa ma shi yake kira."

"Ta kwalba, Baba. Wadda muke ba marasa lafiya. Ni ma iska nake ce mata. Ku a Kumasi me kuke cewa?"

Wani saurayi ya yi dariya ya haɗiye ta. Baba bai yi ba. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya dube ni, idonsa ya yi ja.

"Shekara da shekaru hannuna da nasa a kwano ɗaya. Ya san sunan uwata. Ya san ɗana da ya mutu a teku. Shi yana da mata da ɗiya a ƙasa, bai taɓa faɗa mini ba. Mi ya sa?"

Na so in yi shiru, amma ba lokacin shiru ba ne.

"Ranar da ya fara faɗa, Baba, akuya ka ce ya yanka."

Baba ya juya fuskarsa ga bango ya ce, "Shi ke nan. Ku tafi, kada ku makara."

Muka fito ba tare da shi ba, kuma ba wanda ya biyo mu. A mota Sista ta ce ko ta ɓata abin ne. Na ce ba ita ba ce.

Bayan azahar ina tsaye a ƙofar ɗakin wankan gawa, ni da kafilin Kawu da makanikai uku. Ma'aikacin wurin, wani Basudane, ya fito ya tambaya ko cikin dangi akwai mai shiga. Na ce ni ne, amma ban taɓa yi ba. Ya ce zai nuna mini. Na roƙe shi ya ɗan ƙara mana lokaci. Ya dubi agogo ya ce akwai wata gawar a bayanmu. Ina cire takalmi tasi ta tsaya a bakin ƙofa. Baba ya fito, hannayen rigarsa a naɗe tun daga mota. Bai gaishe ni ba. Ya ce wa Basudanen da Larabcinsa na kasuwa, "Wannan nawa ne." Ni kuma ya ce, "Kai za ka zuba ruwa. In na ce tsaya, ka tsaya."

Abin da mai wanka ya gani amana ne, kuma ba zan rubuta shi ba. Zan dai ce Baba ya yi aikin a natse, dama kafin hagu, kamar yadda ya saba. Sau ɗaya ya ce in tsaya, ya daɗe hannunsa na kan kafaɗar Kawu, ya ce "ɗan'uwa" a ƙasan maƙoshi, sannan ya ce in ci gaba.

Da muka fito, farfajiyar ta cika. Motar ma'aikata guda ta zo daga Sanaiya, wasu da kayan aiki a jikinsu. Sun ji Baba ya fita, sun biyo. Wanda ya ce Allah ya san tsakaninsa da bawansa ya matso, ya rage murya.

"Baba, yaya ka gan shi?"

"Musulmi na wanke," in ji Baba. "Yalla, maza, wanda ba shi da alwala ya yi."

Aka yi masa salla bayan la'asar, sahu bayan sahu, ɗan Nefal na tsaye can gefe hannayensa a haɗe. Aka sa shi a makwancinsa.

A hanyar komawa Baba ya zauna kusa da ni a motar. Sai da fitilun garejojin Sanaiya suka fara bayyana ya yi magana, idonsa na kan titi.

"Ni har yanzu ban gane yadda ruwa ke numfashi ba."

Na ce ba dole ba ne.

"Matar, mi sunanta? Da ɗiyar?"

Sai a lokacin na lura Kawu bai taɓa faɗa mini ba. Na ce ban sani ba.

"Tambayi uwarka. Gobe Juma'a, za mu yi masa addu'a bayan salla. Ba zan kira shi shi kaɗai ba."

Ya Allah, ka gafarta wa Kawu, ka yalwata masa inda ya kwanta, ka sanyaya shi. Ka jiƙan matarsa da 'yarsa da duk waɗanda suka kwanta tare da su a wancan kwari. Ka haɗa su a inda ba tsoro, mu kuma ka kyautata namu ƙarshen.